Gidan Tarihin Ƙwallon Jami'o'in Amurka da ke Atlanta: Abin da Na Tarar a Cikinsa

A ƙarshen watan Janairun 2025 na je Atlanta, babban birnin jihar Jojiya, domin halartar baje kolin masu kiwon kaji da ake yi duk shekara a babban zauren taro na birnin, kuma tun kafin in bar gida na ƙudura a raina cewa ba zan dawo ba sai na shiga gidan tarihin da ake kira College Football Hall of Fame, wato zauren gwarzayen ƙwallon jami'o'in Amurka. Gidan yana kan titin Marietta, dab da zauren taron, yana kallon dandalin da aka gina domin gasar Olamfik ta 1996, saboda haka ban nemi mota ba. Daga rumfunan masu sayar da injinan ƙyanƙyasa na taka da ƙafa na isa ƙofarsa cikin 'yan mintuna. Na tafi tare da ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a wata kwaleji kusa da birnin, yaron da ya tashi da son ƙwallon ƙafa irin tamu, bai kuma taɓa zama ya kalli wasan Amurkawa daga farko har ƙarshe ba. Na yi hakan da gangan, domin ina so in ga yadda wurin zai karɓi mutum biyu, ɗaya ya zo da abin tunawa a zuciyarsa, ɗaya kuma ya zo hannu rabbana.

Ya kamata in faɗi inda na tsaya kafin in yi hukunci. Na yi digiri na biyu a fannin kiwon kaji a Jami'ar Auburn da ke jihar Alabama daga 2012 zuwa 2014, kuma na isa can ban san komai game da wasan ba, sai dai cewa ana sa hular kwano ana karo da juna. A shekarata ta farko ƙungiyar jami'ar ta ci wasa 3 kacal cikin 12, babbar abokiyar hamayyarta Jami'ar Alabama kuma ta lallasa ta da ci 49 da nema. Abin da ya fara jan hankalina shi ne yadda mutanen garin ba su juya wa ƙungiyar baya ba, da yadda tsofaffi ke zuwa da jikokinsu tun da hantsi su kafa rumfuna su hura wuta, da yadda ake sakin gaggafa ta kewaya filin kafin a fara wasa, dubban mutane suna ihu har ta sauka a tsakiya. Daga nan na fara tambaya, aka fara yi mini bayani, har na zama ɗaya daga cikinsu.

Ga wanda bai san wasan ba, kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11, filin yadi 100 ne, ƙwallon kuma doguwa ce mai tsini biyu wadda ake ɗauka a hannu a ruga da ita ko a jefa wa abokin wasa. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10, idan sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya sami maki 6, wanda ya buga ta da ƙafa ta bi tsakanin dogayen sanduna biyu ya sami maki 3. Waɗanda ake magana a kansu a wannan gida ɗalibai ne, ba ƙwararrun gasar NFL ba, amma filin Jami'ar Mishigan kaɗai yana ɗaukar mutum 107,601.

Gidauniyar National Football Foundation ce ta kafa zauren, ta kuma shigar da rukunin farko na gwarzaye a 1951, sai dai ya daɗe bai sami matsuguni na dindindin ba. Ya zauna a jihar Ohio daga 1978 zuwa 1992, ya koma garin South Bend na jihar Indiana daga 1995 zuwa 2012, inda baƙi ba su zo yadda aka yi zato ba, sannan aka buɗe wannan gini na Atlanta a watan Agustan 2014 bayan an kashe kimanin dala miliyan 68 da rabi. A ganina an dace da wuri. Kudancin Amurka shi ne inda wannan wasa ya fi shiga jinin mutane, a Atlanta ake buga wasan ƙarshe na gasar SEC, ta manyan jami'o'in kudu maso gabas, tun 1994, kuma mako guda kafin zuwana Ohio State ta doke Notre Dame da ci 34 da 23 ta ɗauki kofin ƙasa a filin Mercedes-Benz, wanda tafiyar ƙafa ce daga gidan tarihin. A wannan birni ne ma, a 1916, Georgia Tech ta ci Cumberland 222 da nema a ƙarƙashin mai horarwa John Heisman, mutumin da aka sa wa babbar kyautar gwarzon ɗan wasan shekara sunansa.

Da ka sayi tikiti za a ba ka kati mai igiya ka rataya a wuya, ka je gaban na'ura ka rubuta sunanka ka zaɓi makarantar da kake goyon baya. Daga nan ka shiga farfajiyar farko, inda wani bango mai tsayin hawa uku yake ɗauke da hulunan kwano fiye da 770, kowace makaranta da tata, manya da ƙanana, babu wadda aka fifita da girma. Da na zaɓi Auburn sai farar hularta mai ratsin shuɗi da ruwan lemo ta kama haske a cikin sauran, na tsaya ina kallonta na ɗan lokaci ban ce komai ba. Wannan dabara ce mai sauƙi, amma ita ce mafi kyawun abin da masu tsara gidan suka yi, domin tun daga bakin ƙofa sun gane cewa babu wanda ke son wasan jami'o'i a dunƙule. Kowa makarantarsa yake so, kuma kowa yana so a nuna masa cewa an san da ita. Katin yana bin ka duk inda ka shiga, allunan da ka matsa kusa da su suna gaishe ka da sunanka suna fara nuna maka abin da ya shafi makarantarka. Ɗan ƙanwata ya tsaya yana duba jerin sunaye, sannan ya juyo ya ce, "Kawu, wace zan zaɓa?" Na ce ya zaɓi wadda yake ciki, ko da ƙarama ce. Ya same ta, hularta ta haska a can sama kusa da kusurwa, ya ɗaga waya ya ɗauki hotonta.

Hawa na biyu shi ne mafi cunkoso da hayaniya. Akwai ɗakin majigi inda ake nuna gajeren fim na ranar wasa, da sauti mai ƙarfi da hoto tangaran, kuma ina ba da shawarar a fara da shi, musamman idan an zo da baƙon wasan, domin a cikin 'yan mintuna yana nuna abin da bayani ba zai iya ba. Akwai kofuna a cikin gilashi, har da na Heisman, mutum-mutumin tagulla na ɗan wasa rungume da ƙwallo ya miƙa hannu ɗaya yana ture mai tare shi. Akwai wurin rera taken makaranta, da teburin da aka kwaikwayi na shirin College GameDay na tashar ESPN, inda mutum zai zauna a ɗauke shi kamar yana sharhi. Yara sun fi yin layi a waɗannan, mu kuwa ba mu daɗe a wurinsu ba.

Inda na daɗe shi ne wajen tsofaffin kaya. Hulunan fata na farkon ƙarni na 20, waɗanda ba su fi hular sanyi kauri da yawa ba, suna sa mutum ya fahimci dalilin da ya sa wasan ya kusa mutuwa tun yana ƙarami. An buga wasan farko tsakanin Rutgers da Princeton ranar 6 ga Nuwamban 1869, Rutgers ta ci 6 da 4, kuma zuwa 1905 abin ya yi muni har aƙalla mutum 18 suka rasa rayukansu a shekara guda, Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadar gwamnati ya nemi a gyara. Daga wannan ne aka halatta jefa ƙwallo gaba a 1906 domin a warwatsa cunkoson da ke kashe mutane, aka kuma kafa ƙungiyar da daga baya ta zama NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka.

A cikin kayan da gidan ya adana akwai wani lanƙwasasshen kakakin 'yan badujala, wanda ba don labarinsa ba babu mai ɗaga kai ya dube shi. Ranar 20 ga Nuwamban 1982 Stanford, ƙarƙashin jagorancin John Elway, ta shiga gaban Jami'ar Kalifoniya da ci 20 da 19 saura daƙiƙa 4 a tashi. Aka buga ƙwallo domin a cika ƙa'ida, sai 'yan Kalifoniya suka riƙa miƙa wa juna ita ta baya har sau biyar, alhali 'yan badujalar Stanford sun riga sun kwararo cikin fili suna murna, a zatonsu an gama. Kevin Moen ya ratsa ta tsakiyarsu da gudu, ya kai ƙwallo gida, ya bangaje mai busa kakakin ya faɗi, aka tashi 25 da 20. Na ba ɗan ƙanwata labarin, muka nemo hoton bidiyon a waya muka kalla har sau biyu, kuma a nan ne na ga fuskarsa ta sauya, ya daina kallon wurin a matsayin ɗakin ajiye hula da riga. Elway yana cikin gwarzayen zauren tun shekarar 2000. Moen, wanda ya yi abin da ake tunawa, ba ya ciki. Wannan bambanci ya bi ni har hawa na uku.

Kafin mu hau, mun sauka filin cikin gida mai yadi 45, inda ake ba kowa dama ya jefa ƙwallo, ya yi tsere tsakanin shinge, ya kuma gwada bugu tsakanin sanduna. Ma'aikatan wurin suna da fara'a da haƙuri, suna nuna wa mutum yadda zai ɗora yatsunsa a kan ɗinkin ƙwallon. Ɗan ƙanwata, da yake ƙafarsa ta saba da tamaula, ya buga ta bi tsakiyar sanduna tun a gwajin farko, waɗanda ke layi suka tafa masa.

Hawa na uku shi ne zauren kansa, kuma shiru ne ke fara tarbar mutum. Ɗaki ne zagayayye, babu mutum-mutumin kowa, sai sunaye da aka zana a kan gilashi shekara bayan shekara, da manyan alluna masu juyawa waɗanda idan ka taɓa za su kawo maka tarihin mutum da hotunansa da bidiyon wasanninsa. Wasu baƙi sun fi son a ce an yi gumaka kamar yadda aka yi a zauren ƙwararru da ke Canton a jihar Ohio, ni kuwa wannan tsari ya fi kwanta mini, domin ba ya cika ido da tagulla, yana barin aikin mutum ya yi magana. Na nemi Bo Jackson na Auburn, wanda ya yi tsalle ta saman tarin mutane ya karya lagon Alabama a 1982 bayan shekara tara tana cin Auburn, ya kuma ɗauki Heisman a 1985. Na nemi Archie Griffin na Ohio State, mutum ɗaya tilo da ya ɗauki kyautar sau biyu, a 1974 da 1975, da Barry Sanders na Oklahoma State da yadi 2,628 da ya ruga da ƙwallo a kakar 1988.

Shiga wannan ɗaki yana da wuya ƙwarai. Fiye da mutum miliyan 5 ne suka buga wasan tun 1869, amma 'yan wasan da aka shigar ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. Sharaɗi na farko shi ne a taɓa zaɓar ɗan wasa cikin jerin farko na fitattun ƙasa baki ɗaya, sannan shekara 10 su wuce bayan wasansa na ƙarshe a jami'a, ya kuma daina buga wasan ƙwararru. Mai horarwa kuwa, a lokacin da na je, sai ya yi shekara 10 yana jagoranci, ya ja ragamar wasa 100, ya ci kashi 60 cikin ɗari. Na fahimci amfanin ƙa'ida, domin in babu ita son rai zai shiga, amma ina ganin sharaɗin farko ya yi tsauri. Joe Montana, wanda ya ci kofin Super Bowl na ƙwararru sau huɗu bayan ya bar Notre Dame, ba ya cikin wannan zaure, alhali magoya bayan Notre Dame ba za su manta da ranar 1 ga Janairun 1979 a Dallas ba, ranar da sanyi ya kama shi har aka kwantar da shi ana ba shi romon kaza, ya dawo fili ana cin su 34 da 12, ya jagorance su suka ci Houston 35 da 34 a daƙiƙar ƙarshe. Mike Leach, wanda ya sauya yadda ake jefa ƙwallo a jami'o'i, ya rasu a Disamban 2022 da nasara 158 da rashin nasara 107, wato kashi 59.6, ya gaza da ɗan ƙiris. Daga baya a 2025 gidauniyar ta sassauta adadin zuwa kashi 59.5, kuma ta yi daidai.

Ina tsaye gaban ɗaya daga cikin allunan sai na lura da wani dattijo sanye da riga ruwan ƙasa-ƙasa ta Jami'ar Teksas, yana ta maimaita bidiyo guda na Vince Young. Da ya ga ina kallo sai ya matsa ya ba ni wuri, kuma ban tambaye shi ba ya fara ba ni labari. Wasan Rose Bowl ne na ranar 4 ga Janairun 2006. Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wato USC, ta zo da nasara 34 a jere da masu Heisman biyu, Matt Leinart da Reggie Bush, ta kuma shiga gaba da ci 38 da 26 saura ƙasa da minti bakwai. Young ya rage tazarar, masu tsaron Teksas suka tare LenDale White a dama ta huɗu saura yadi biyu ya cika, ƙwallo ta dawo hannunsu, kuma saura daƙiƙa 19 Young ya duba bai ga wanda zai jefa wa ba, ya ruga yadi 8 zuwa kusurwar dama. Aka tashi 41 da 38, Teksas ta ɗauki kofinta na farko tun 1970. Duk wannan na san shi. Abin da ban sani ba shi ne cewa dattijon ya kalli wasan ne a ɗakin asibiti kusa da gadon mahaifinsa, wanda ya kai shi filin wasa tun yana yaro, kuma wannan ne wasan ƙarshe da suka kalla tare. Ya faɗi haka idonsa na kan allo, ya sake taɓa bidiyon.

Da ya ga katina ya gane makarantata, sai ya tambaye ni ko ina Auburn a 2013. Na ce ina cikin filin.

Ranar 30 ga Nuwamban 2013 ce, filin Jordan-Hare ya cika maƙil da mutum 87,451, ba masaka tsinke. Alabama ta zo tana ta ɗaya a ƙasa, ba a ci ta ko sau ɗaya ba, tana riƙe da kofin shekaru biyu a jere ƙarƙashin Nick Saban. Makonni biyu kafin nan Auburn ta tsira daga hannun Jami'ar Jojiya da wata doguwar jifa ta yadi 73 wadda masu tsaro biyu suka taɓa ta faɗa hannun Ricardo Louis, don haka mutane sun zo da wani irin fata da ba su iya bayyanawa. Wasa ya kai 28 da 28, agogo ya nuna lokaci ya ƙare, muka fara shirin ƙarin lokaci, sai alƙalai suka duba bidiyo suka mayar da daƙiƙa ɗaya saboda ɗan wasan Alabama ya taka waje kafin lokaci ya cika. Saban ya tura sabon ɗalibi, Adam Griffith, ya gwada bugu daga yadi 57. Ina tuna yadda wata mata da ke kusa da ni ta rufe fuskarta da hannu biyu, da yadda filin ya yi tsit lokacin da ƙwallo ke sama. Ta gaza kaiwa. Chris Davis, wanda aka ajiye a can ƙarshen fili, ya cafe ta ya fara gudu, ya karkata hagu ya bi bakin layi har ƙafarsa ta kusa taka waje, abokansa suka share masa hanya domin waɗanda Alabama ta sa a fili manyan masu kare mai bugu ne, ba masu gudu ba. Daga tsakiyar fili babu kowa a gabansa. Yadi 109 ya ci, domin daga can bayan layin ƙarshen fili ya taso, aka tashi 34 da 28. Ban san lokacin da na tsallaka shingen shuke-shuken da ke bakin fili ba, sai dai na ga kaina a kan ciyawa cikin dubban mutane, wani ƙato da ban taɓa gani ba ya rungume ni yana kuka. A daren nan muka taka zuwa mahadar Toomer's, inda aka saba lulluɓe itatuwa da farar takarda idan an yi nasara. An riga an sare tsofaffin itatuwan a watan Afrilu bayan wani ya zuba musu guba, sai aka rataya takardun a kan wayoyi da fitilun titi har wurin ya koma fari fat.

Na gama ba dattijon labarin, ɗan ƙanwata yana gefe yana saurare, sannan na duba allo na nemi sunan Chris Davis, ko da yake na san ba zan same shi cikin gwarzayen ba. Saban kuwa an sanar da shigarsa a wannan watan da na je, kuma ya cancanta, domin kofin ƙasa 7 ba wasa ba ne. A nan ne hukuncina kan gidan ya daidaita. Zauren yana karrama waɗanda suka yi fice na shekaru, amma abin da magoya baya ke ɗauke da shi a zuci daƙiƙu ne, kuma sau da yawa wanda ya yi su ba ya cikin jerin. Gerard Phelan, wanda ya cafe jifar Doug Flutie ta ƙarshe da Boston College ta ci Miami 47 da 45 a 1984, ba ya ciki. Ian Johnson na Boise State, wanda aka miƙa wa ƙwallo a ɓoye ta bayan baya ya kammala cin Oklahoma 43 da 42 ranar 1 ga Janairun 2007, shi ma ba ya ciki. Darajar gidan a wurina ita ce ya tara mutanen da ke ɗauke da waɗannan labarai a ɗaki ɗaya, ya sa musu alamar makarantunsu a wuya, ya kuma ba su dalilin yi wa juna magana. Na so a ce an ware wa irin waɗannan lokuta ɗaki mai natsuwa kamar na hawa na uku, inda za a zauna a kalle su ɗaya bayan ɗaya tare da muryar masu sharhin rediyon kowace makaranta, domin babu ɗan Auburn da zai tuna gudun Davis ba tare da ihun marigayi Rod Bramblett ba.

Wani ɓangaren da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne na baƙaƙen fata da jami'o'insu. Eddie Robinson ya horar da Grambling daga 1941 zuwa 1997, ya ci wasa 408, a zamanin da manyan jami'o'in kudu ba sa karɓar ɗalibansa. Walter Payton daga Jackson State ya fito, Jerry Rice kuma daga Mississippi Valley State, kuma sai a 1996 zauren ya fara karɓar 'yan wasa daga ƙananan rukunoni. Ernie Davis na Syracuse shi ne baƙar fata na farko da ya ɗauki Heisman, a 1961, cutar sankarar jini ta ɗauke shi a 1963 yana da shekara 23, bai buga wasan ƙwararru ko ɗaya ba. A 1970 USC ta je Birmingham ta ci Alabama, wadda duk 'yan wasanta farare ne, 42 da 21, Sam Cunningham ya kai ƙwallo gida sau biyu, kuma a shekarar da ta biyo baya baƙaƙen fata suka fara buga wa Alabama wasa. Ɗan ƙanwata ya fi daɗewa a nan fiye da ko'ina, yana karanta kowane rubutu.

Mai zuwa ya sani cewa gidan biki ne da yabo, ba wurin tuhuma ba. Batun raunin ƙwaƙwalwa da karo ke jawowa, da batun shekarun da jami'o'i da gidajen talabijin suka yi suna tara dukiya alhali an hana ɗalibai karɓar ko sisi daga sunansu har zuwa Yulin 2021, ba su ne abin da aka gina wurin domin su ba. Reggie Bush ya mayar da Heisman ɗinsa a 2010 saboda zargin karɓar alfarma, aka shigar da shi zauren a 2023, aka maido masa da kyautar a Afrilun 2024, kuma wanda ke son fahimtar yadda aka yi haka sai ya nemi karatu a waje. Sunayen kamfanonin da suka ɗauki nauyi ma suna ko'ina, tun daga Chick-fil-A da ke jikin sunan gidan. Wannan ita ce hanyar da ake riƙe irin waɗannan wurare a Amurka, amma da an rage su a wasu ɗakunan da kayan tarihin sun fi fitowa.

Mun yi kusan awa uku a ciki, kuma wanda ba ya tsayawa karatu zai iya gamawa cikin awa ɗaya da rabi. Kuɗin shiga ba kaɗan ba ne ga mai lissafi da naira ko sefa, saboda haka wanda ke da yini ɗaya tak a Atlanta tare da ƙananan yara, kuma babu mai sha'awar wasan a cikinsu, gidan kifaye na Georgia Aquarium da ke tsallaken dandali zai fi yi masa amfani. Wanda kuwa ya yi karatu a Amurka, ko yana da ɗa a can, ko ya taɓa raba dare yana kallon wasan jami'o'i, to ya je, ya duba ranakun buɗewa a intanet tun kafin ya fito, ya zaɓi tsakiyar mako da safe, ya kuma je da wanda zai ba labari ko wanda zai ba shi. Jirgin ƙasa na cikin birnin, wato MARTA, yana tsayawa kusa, masallacin Al-Farooq da ke titi na 14 kuma ba shi da nisa a mota, a can muka yi azahar bayan mun fito. A hanya ɗan ƙanwata ya nemo jadawalin kakar 2025 a wayarsa, ya tambaye ni ko awa nawa ne daga Atlanta zuwa Auburn, na ce masa bai kai biyu ba idan hanya ta yi kyau, ya ce zai nemi tikitin wasan Nuwamba.